Delbert Pruss Bai Taɓa Cewa Bai Iya Ba

A garinmu Ostrand, a bakin Tafkin Halvor, an yi wani mutum mai suna Delbert Pruss, wanda tun da ya fara magana ba a taɓa jin ya ce bai iya wani abu ba. Idan ana hirar jirgin sama, ya taɓa saukar da wani a gonar masara ranar da matuƙin ya suma. Idan ana hirar ciwon haƙori, shi ya cire wa kansa biyu da filaya yana sauraron rediyo. Aikinsa na gaskiya kuwa shi ne tuƙa injin danne kwalta a kamfanin gyaran titi. Shekara ashirin da shida yana yi, ya yi gaba ya yi baya, da irin saurin da tsohuwa mai dogara sanda kan wuce shi har ta waiwayo ta gaishe shi.

Kwalta ba ta shimfiɗuwa cikin sanyi, don haka duk ƙarshen Nuwamba kamfani kan sallami ma'aikatansa, ya ce su dawo a Afrilu. A tsakani sai su riƙa karɓar kuɗin rashin aiki daga inshorar jiha, kuɗin da ba ya sa kowa ƙiba, amma yana sayen man ɗumama gida da buhun dankali. Delbert yana kiransa albashin kamun kifi. Da zarar tafki ya daskare har yana ɗaukar mota, sai ya ja bukkarsa ta katako zuwa tsakiyar ƙanƙara, ya huda rami, ya kunna ɗan murhu, ya saki fatsa. Shi da mahaifinsa suka haɗa bukkar. Koriya ce, mai taga guda, kuma hular tsohon tana nan rataye a ƙusa, shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa. A duk faɗin duniya, nan kaɗai Delbert kan yi shiru.

A shekarar da abin ya faru, 'yan majalisar jiha, waɗanda ba sa riƙe shebur sai ranar aza harsashi, suka zauna suka sake doka. Makonnin biya suka koma goma sha shida daga ashirin da shida. A da, wanda kamfaninsa ya yi alkawarin maido shi a bazara ba ya neman wani aiki. Yanzu kowa sai ya je wurare huɗu kowane mako, a sa masa hannu a takarda cewa ya zo nema. Wanda kuma aka ba shi aiki ya ƙi karɓa, an yanke masa.

Wasiƙun sanar da sabuwar dokar suka iso ranar huɗu ga Disamba. Washegari da safe ma'aikatan titi suka cika gidan abincin Doreen Maki, kowa da tasa a gaban kofin gahawa, fuska kamar an dawo daga jana'iza. Delbert ya shigo yana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga kafaɗa, ya ƙi zama. Ya ce shi ya karanta dokar tun tana majalisa, shafi ɗari biyu, a tsaye, kuma ya gano ramin da ke cikinta.

"Doka ta ce a je a nema. Ku nuna mini inda ta ce sai an burge mai ɗauka."

Ya bayyana dabarar dalla-dalla. Mutum zai zaɓi wuraren da bai san komai a kansu ba, ya je da mummunar shiga, ya saki baki, ya nuna shi ba abin amfani ba ne. Mai wurin zai sa hannu don dai ya rabu da shi. Ya sa mata suna dabarar mataccen kifi: ka juya ciki sama, ka bi ruwa, ba mai sha'awarka. Ya ce wurare huɗun duka zai gama su ranar Litinin kafin sha biyu, sauran mako yana kan ƙanƙara, kuma duk mai so ya zo ya koya kyauta.

Vern Tollefson, abokinsa tun firamare, wanda yake riƙe tutar tsayar da motoci a wurin aiki, ya juya cokali a kofi ya ce shi dai yana ganin zai gaya musu gaskiya ne kawai, cewa a Afrilu zai koma titi.

"Gaskiyar nan ce ta sa ka shekara talatin da tuta a hannu, mutumina," in ji Delbert.

Doreen ta nuna taga da bakin butar gahawa. Akwai kwali a manne wurin tun shekara biyu, har rana ta cinye rubutun: ana neman mai wanke-wanke. Ta ce in nema ne da gaske, ga kwanukanta can a baya sun yi dala. Delbert ya ɗaga hannuwansa biyu don kowa ya gani, ya ce hannun da ya danne titi mil ɗari huɗu ba zai shiga ruwan kumfa ba, ko da gwamna ne ya ci a farantin.

A gida, matarsa Arlene ta sa tabarau ta karanta wasiƙar sau biyu, har da ƙananan rubutun baya. Ta ce tankin man ɗumama gida yana bukatar ciko biyu kafin Afrilu, kuma albashinta na rabin yini a kantin magani ba zai yi ba. In kuɗin jiha ya tsaya, to ya san inda kwalin Doreen yake. Bayan haka ta cire tabarau ta ci gaba da feraye dankali.

Ranar Litinin ya fara da gonar Harlan Stuebs, mai shanu ɗari da ashirin da gwiwa guda mai ciwo. Delbert ya bar gemu kwana uku, ya sa rigar sanyi a bai-bai, ya saki leɓe. A mota ya yi ta bitar abin da zai faɗa: shi mai tsoron shanu ne, ƙarnin madara kuma yana tayar masa da zuciya. Harlan ya dube shi daga hula har takalmi, ya ce kada ya wahalar da kansa, ya kawo takardar a sa masa hannu. Mutanen titi ba su iya aikin nan ba. Wanda ya zo bara ko awa uku bai yi ba.

A nan ya kamata Delbert ya miƙa takarda. Har ta fito daga aljihu. Amma an ce bai iya ba, kuma bai taɓa koyon haɗiye wannan maganar ba.

"Dattijo, wa kake gaya wa tatsa? Ina ɗan shekara tara nake tatsar shanu arba'in da hannu kafin in tafi makaranta. Akwai wata saniya a gidan kakana, in na yi tafiya riƙe nononta take yi sai na dawo."

"To, gobe ƙarfe biyar," in ji Harlan.

Ƙin zuwa yana nufin yanke kuɗi, don haka ya je. Harlan ya nuna masa famfon da ke ƙasan babban tankin madara, wanda ake rufewa bayan wanki kafin a fara tatsa. Delbert ya ce ya rufe irinsa tun Harlan bai yi haƙori ba. Harlan ya koma cikin gida ya jiƙa gwiwarsa. Delbert ya maƙala wa shanu injin, wata ta harbe shi a cinya, wata ta taka masa ƙafa ta ƙi ɗagawa har sai da ya ba ta haƙuri. Madara ta bi bututu ta shiga tanki ta sama, ta fita ta ƙasa, ta bi ƙofa, ta malala tsakar gona. Sanyin safiyar ranar ya kai wanda gashin hanci kan sandare. Kafin ƙarfe bakwai madarar ta daskare, filin gaban garke ya zama farin faranti guda, sumul.

Motar ɗaukar madara ta shigo, direban ya taka birki, motar ta juya a hankali har ta fuskanci inda ta fito. Direban ya ga tunda ta riga ta juya, sai ya ɗaga hannu ya ci gaba da tafiya. Kuliyoyin gonaki uku suka hallara suna lasar ƙasa. Harlan ya fito daga gida, ƙafa ta kwashe shi, ya iso bakin garke a zaune, kofinsa a hannu ko ɗigo bai zube ba. Ya dubi Delbert daga nan ƙasa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya nemi takardar, ya rubuta a gurbin dalilin sallama: ya yi iyakar ƙoƙarinsa, bai iya ba.

Delbert ya ninke takardar yadda rubutun zai koma ciki. A wurin Doreen ya sanar da jama'a cewa wannan shi ne mataki na biyu na dabarar, wanda bai faɗa ba tun farko don kada a sace. In sun kama ka, ka sa su sake ka da kansu. Da gangan ya bar famfon a buɗe. Wani ya tambaya ko harbin saniyar ma da gangan ne, ya ce shi ya ba ta dama.

Mako na biyu ya zaɓi gidan burodin Misis Opal Rautio. Ya shiga da hannu baƙi ƙirin da man inji. Opal mace ce mai tausayi, ta ba shi kujera, ta ce ta san halin da ake ciki, za ta sa masa hannu. Aikin ƙullu yana son hannu mai laushi, kuma ba laifinsa ba ne Allah ya yi shi da hannun titi. Minti huɗu bayan haka Delbert yana gaya mata cewa mahaifiyarsa ce ta gasa burodin bikin 'yar wani gwamna, kuma shi ya kwaɓa mata. Opal ta kusa yin kuka don murna. Ta ce ranar Laraba akwai cin abincin coci, ƙananan burodi ɗari uku.

Hanya ɗaya Delbert ya sani ta sarrafa abu mai laushi. Ya ɗauki muciyar murza ƙullu, ya yi gaba, ya yi baya, sau takwas a kowane layi, har bai bar iska ko ta allura ba. Burodin ya fito da kyan gani, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Fasto Engdahl ya yi addu'a, ya ɗauki na farko, ya gatsa, haƙoran robarsa na sama suka zauna a ciki. Aka bi teburi ana karɓewa daga hannun tsofaffi kafin a yi asara. Vern ya roƙi guda biyu, ya ce zai riƙa tare tayar motarsa da su a gangare, kuma har yau suna bayan motar, ba su sauya kama ba. Opal ta rubuta kalmomin da Harlan ya rubuta, ta ƙara da hannunta: Allah ya ba shi abin da ya iya.

Shi kuwa Vern, duk Litinin yakan shiga wurare huɗu, ya cire hula, ya ce yana neman aiki amma a Afrilu zai koma titi. Babu mai son koya wa mutum aiki ya tafi bayan wata huɗu. Cikin minti biyu an sa masa hannu, kafin ƙarfe goma yana kan tafki. Ya ma je wurin Arlene ya ce bukkar Delbert tana can a rufe, ɓeraye za su cinye kujerun, ko ya riƙa kunna mata wuta. Arlene ta ba shi mabuɗi.

Delbert ya zauna ya yi dogon nazari, ya ce kuskurensa shi ne zuwa wurin masu rai. A mako na uku ya nufi gidan Mista Lindqvist mai shirya jana'iza, sanye da hular kamun kifi ruwan lemo, yana fito da baki. Ya tabbata babu mai ɗaukar mutum mai fito a gidan gawa. Lindqvist dogo ne, siriri, ba ya magana sai da raɗa. Ya karɓi takardar, har ya buɗe alƙalami, sannan ya ce direbansa ya yi ritaya, amma ba zai ɓata wa Mista Pruss lokaci ba. Tuƙin motar gawa yana bukatar mutum ya tafi a hankali ƙwarai, kuma mazan yanzu ba su da wannan haƙurin.

"A hankali? Ranka ya daɗe, kunkuru ya taɓa wuce ni a kan titin Ostrand, na bar shi. Shekara ashirin da shida ban wuce mil uku a awa ba."

Wannan karon gaskiya ya faɗa, kuma ita ma ta kama shi. Lindqvist ya rufe alƙalami.

Ranar Asabar aka yi jana'izar tsoho Emil Hautala, wanda ya shafe shekara sittin yana kamun kifi a Halvor. Coci yana wannan gaɓar, maƙabarta tana waccan, titi kuma yana zagaye tafkin mil goma sha ɗaya. Delbert ya sa baƙar kwat ta aro wadda ba ta rufe cikinsa, Lindqvist yana gefensa, motoci ashirin da bakwai a baya, kowacce da fitila a kunne. Mil biyu na farko ba a taɓa ganin tuƙi mai natsuwa irinsa ba. Sai suka hau tudun da ake hango tafki gaba ɗaya, Delbert ya hangi koriyar bukkarsa, hayaƙi yana fita daga bututunta.

Ya gaya wa Lindqvist cewa ya san yanke. A tsallaka ta kan ƙanƙara, mil biyu kacal, iyalan mamaci su huta. Lindqvist ya raɗa cewa a bi titi. Delbert ya ce ƙanƙarar nan ya san ta fiye da yadda ya san fuskar matarsa, ya karya sitiyari ya gangara. Ayarin jana'iza ba ya rabuwa da motar gawa, don haka motoci ashirin da bakwai suka gangara a bayansa, ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi.

Masunta suka fito daga bukkokinsu suka cire huluna. Delbert ya ɗan karkata hanya don ya leƙa tagarsa, ya ga Vern zaune a kujerar mahaifinsa yana soya kifi. Garin leƙen motar ta hau tarin dusar ƙanƙara, ta kafe, hancinta sama. Delbert ya ce wannan ba komai ba ne, ya sa giyar baya ya taka mai, ya sa ta gaba ya taka mai. A karo na uku motar ta yi tsalle, ƙofar baya ta buɗe, akwatin gawar Emil ya sulale ya sauka a kan ƙanƙara. Bai tsaya ba. Ya wuce tsakanin motar fasto da ta 'ya'yan mamaci, ya bi fili yana ɗan juyawa, maza shida masu baƙar kwat suna binsa suna faɗuwa suna tashi, har ya yi yadi tamanin, ya tsaya cak kusa da wani tsohon rami da aka kafa wa sanda. Kowa a wurin ya san ramin waye.

Matar Emil ta sauke gilashin mota. Shekarunta tamanin da biyu. Ta dubi akwatin, ta dubi ramin.

"Shekara hamsin da huɗu ina hana shi zuwa tafkin nan ranar Asabar," ta ce. "Ku bar shi minti goma."

Aka bar shi minti goma. Lindqvist ya cika takardar sallama a kan bonet.

Kora uku cikin kwana goma sha tara ta sa ofishin inshora ya dakatar da biya, ya sa ranar sauraron ƙara ta wayar tarho: Juma'a, goma ga Janairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Arlene ta sake sa tabarau. Ta karanta masa wurin da yatsa a kan layi. Wanda aka kora don ya gaza, ana ci gaba da biyansa. Wanda ya ɓata aiki da gangan, an yanke masa har ƙarshen shekara, kuma ya maido abin da ya karɓa. Ta ɗauki mota ta zagaya wurin Harlan da Opal da Lindqvist, dukansu suka ce za su faɗi gaskiya, gaskiyar kuma tana bayansa.

"Maigida, abu ɗaya za ka ce. Ban iya ba. Faɗi in ji."

Delbert ya buɗe baki, ya rufe, ya ce ai ba sai an yi bita ba, ya taɓa kare kansa a kotu har alƙali ya nemi shawararsa. Ta ce ya faɗa. Ya ce maƙogwaronsa ya bushe. Ta ba shi ruwa. Ya sha, ya ce zai faɗa ranar da ake bukata, kada ya ƙare.

Shi da kansa ya ce a yi zaman a wurin Doreen, a buɗe muryar waya, don ma'aikatan titi su ga yadda ake kayar da gwamnati. Ranar ba a sami wurin zama ba. Aka ajiye wayar a tsakiyar teburin da ke jikin taga, tsakanin kwalbar gishiri da ta barkono. Muryar wata mata ta fito, a gajiye, kamar wadda ta saurari mutum goma tun safe. Ta ce ita ce alƙaliyar ofishin, ta rantsar da kowa, ta nemi shaidu.

Harlan ya ce shekara hamsin yana kiwo bai taɓa ganin mutumin da shanu suka raina haka ba. Ba mugunta ba ce, famfon ne bai san gabansa da bayansa ba. Aka ji ƙarar buga rubutu ta cikin wayar. Kunnuwan Delbert suka yi ja. Opal ta ce bawan Allah ya yi gumi, ya dage, har tausayi ya ba ta, hannun ne dai babu albarkar ƙullu a cikinsa. Wani a baya ya ce akwai ta siminti, Doreen ta harare shi. Delbert ya kama bakin teburi. Arlene ta ɗora hannu a gwiwarsa, ta matse.

Lindqvist ya sunkuyo kan wayar, aka yi tsit don a ji raɗarsa. Ya ce shi bai ga wata niyya ta ɓarna ba. Mista Pruss ya ɗauka ya san tafkin ne, alhali bai san shi ba. Duk wanda ya san Halvor ya san iska tana tara dusar ƙanƙara a wannan kusurwar.

Alƙaliyar ta ce shaidu uku sun zo ɗaya, kuma takardu uku sun zo ɗaya. Tana ganin wannan gazawa ce, ba ganganci ba, za a ci gaba da biya. Tambaya ɗaya ta rage don cika fayil.

"Mista Pruss, ka yarda cewa ba ka iya ayyukan nan ba, kuma ba ka san hanyar tafkin ba?"

Doreen ta tsaya da butar gahawa a sama. Vern ya rufe ido. Delbert ya buɗe baki, kuma mutanen da ke kusa sun rantse sun ji ya ce "ban". Sai idonsa ya faɗa kan taga. Can tsakiyar farin fili ga ɗan ɗigon kore.

"Ranki ya daɗe, wa ya ce ban san tafkin nan ba? Ina ɗan shekara biyar mahaifina ya ɗora ni a kansa. Ki ɗaure mini ido in kai ki kowane rami."

Arlene ta janye hannunta, ta ɗora a kan jakarta.

Minti goma sha ɗaya ya yi yana magana, Doreen ta duba agogo. Ya ce tarin dusar nan ya san da shi tun Nuwamba, da gangan ya hau. Famfon Harlan shi ya buɗe shi da yatsa biyu, bayan ya auna gangaren filin. Burodin kuwa, sai wanda ya san ƙullu ciki da bai zai iya mai da shi dutse. Alƙaliyar ta katse shi ta tuna masa yana kan rantsuwa, ta tambaya ko ya fahimci abin da maganarsa za ta jawo. Ya ce ya fahimci dokar nan tun tana majalisa, shafi ɗari biyu. Ta sake tambaya, a hankali, kamar mai miƙa wa wanda ya faɗa ruwa sanda. Harlan ya yi ta girgiza masa kai. Opal ta ce, don Allah Delbert, zauna.

"A gaya mini," in ji Delbert, yana duban jama'a ɗaya bayan ɗaya, "wa zai tura akwati yadi tamanin a kan ƙanƙara ya tsaya daidai ramin Emil, in ba gwani ba?"

Buga rubutun ya daɗe bai tsaya ba. Sannan alƙaliyar ta gode wa kowa, ta ce hukunci zai zo a wasiƙa, ta kashe. Babu wanda ya yi dariya tukuna. Doreen ta ajiye buta, ta miƙa hannu ta kan kafaɗar Delbert, ta ɓamɓare kwalin nan daga taga. Ta shiga baya, ta dawo da farin gyauton aiki, ta ninke shi ta ajiye kusa da wayar. Daga nan ne dariyar ta fashe, har gilashin taga yana rawa.

Wasiƙar ta iso bayan kwana tara. An yanke, kuma a maido abin da aka karɓa. Arlene ta karanta, ta miƙa masa. Delbert ya bi ta layi-layi har sakin layi na uku, inda aka rubuta cewa bisa shaidar mai ƙara da bakinsa, yana da cikakkiyar ƙwarewa a tatsar shanu, da gashin burodi, da tuƙin motar gawa, kuma ya san Tafkin Halvor sosai. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashi. Ya kai ta aka sa mata firam da gilashi.

Tana nan rataye a bayan gidan abincin Doreen, sama da wurin wanke-wanke. Duk baƙon da ya shigo shan gahawa, Delbert kan fito da kumfa har gwiwar hannu, ya ja shi ya nuna masa hatimin jiha. Ya ce a duk yankin nan shi kaɗai gwamnati ta tabbatar a rubuce cewa ya iya sana'a uku. Faranti huɗu yake fasawa a yini, a ƙiyasin Doreen. Ta ce ba za ta kore shi ba, domin ita ba ta isa ta rubuta bai iya ba a kan wanda jiha ta ce ya iya.

Akwai 'yar taga a saman famfon wanke-wanken, tana kallon tafki. Wajen ƙarfe uku na yamma, idan masu cin abincin rana sun watse, Doreen kan ji ƙarar kwanuka ta tsaya. In ta leƙa sai ta gan shi tsaye, hannu cikin ruwa, yana kallon hayaƙin da ke fita daga koriyar bukka. Ta gaya wa Arlene. Arlene ta ce to madalla, wuraren da yake yin shiru sun zama biyu.